Hannun Dama a Aljihu

Keken hawa na huɗu ke nan dattijon yake gwada naɗewa da hagu kawai, damansa na cikin aljihu. Ya danne da gwiwa, ƙarfen ya kuɓuce ya buge masa ƙauri.

Mai shago ya yi dariya. "Baba, zinariya ka ɓoye a aljihun? Sa hannu biyu mana, in za ka shiga bas da shi, direba ba ya jira."

"Na sani. Kawo mini marar nauyi, mai birki a hagu."

Na biyar ya naɗu nan take. Sai a sannan dattijon ya zaro hannun, lafiya ƙalau, ya goge idonsa.

"Na ɗana ne. Ranar Litinin zai koma aiki a masana'anta. Hagun kawai injin ya bar masa."