Takardar da Vern Ya Manna a Jikin Firij

Ku yi mini haƙuri, masu karatu. Ban taɓa rubuta labari ba, na wasu kawai nake karantawa, kuma na san a garinmu akwai manya da suka fi ni cancantar ɗaukar alƙalami. Sau huɗu ina yaga shafin nan. Amma tunda ba wanda ya rubuta, ga shi yadda na iya.

Vern Lasker ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota a mahaƙar zinariya da ke bayan garin Elko, a jihar Nevada ta Amurka. Da ya ajiye aiki sai ya koma wa taswira. Duk lokacin ƙanƙara yana kan teburin kicin da fensir da tabarau, yana bin layukan tsaunuka, yana ware filin gwamnati, inda kowa ke da damar kafa tanti mako biyu kyauta, daga filayen masu kiwo. Matarsa Noreen takan ce ita kaɗai ce a Nevada take cin abinci a kan cinya alhali tana da tebur.

Ya taɓa gano wani kwari mai idon ruwa da inuwa, ya nuna wa amininsa Hollis. Shi kuwa Hollis ya ɗora hoton a intanet har da lambobin da ke kai mutum wurin. Shekara ta zagayo, Vern ya je ya tarar da motoci bakwai, da gwangwanaye, da itatuwa a sassare.

"Kai dai bakinka ba ya riƙe ko ruwa," in ji Vern.

"Filin gwamnati ne fa, tsoho, ba gadon kakanka ba," Hollis ya amsa yana dariya.

Vern bai yi dariya ba. Ɓoye wuri ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ka tambayi mai farauta ko mai kamun kifi inda ya je, sai ya nuna maka wani gefe daban yana murmushi, kuma ba wanda zai kira shi maƙaryaci. Sai dai Vern ya shigo da abin har cikin gidansa, domin Hollis kullum yana shan kofi a kicin ɗinsu, kuma duk abin da aka manna a firij sai ya karanta.

A watan Satumba, ranar wata Alhamis da safe, ya ɗaure kayansa a bayan mota. Noreen ta ce ba zai fita ba sai ya rubuta inda za shi. Ya rubuta sunan wani rafi can arewa, kusa da iyakar jihar Idaho, ya ƙara da cewa zai dawo Lahadi da yamma.

Ta karanta, ta dube shi ta saman tabarau. "Da gaske nan za ka?"

"Na taɓa yi miki ƙarya, tsohuwa?"

"Kullum."

Ya sumbaci goshinta, ya ce ta rage masa kek ɗin tuffa. Da ya hau babban titi, kudu ya nufa.

Lahadi ta wuce shiru. Litinin da sassafe Noreen ta kira hukuma, ta cire takardar daga firij ta ba su. Mutum arba'in suka fito, wasu a kan dawakai, wasu a mota, har da ƙaramin jirgin sama, Hollis a kan gaba. Kwana huɗu suna bin rafin nan na arewa suna kiran sunansa.

Shi kuwa Vern tun ranar Asabar yana kwance a gindin wani gangare, mil ɗari da hamsin kudu da su. Ya sauka ɗibar ruwa ne, dutse ya zame da shi, ƙashin ƙugunsa ya karye. Motarsa tana sama, taku ɗari uku, amma ya kasa kaiwa. Babu sabis na waya a wurin, abin da ya sa ya zaɓe shi ke nan. Taswira na aljihunsa, na'urar nuna hanya na wuyansa tana faɗa masa daidai inda yake. Babu wanda zai faɗa wa.

Sai a kwana na goma da fitarsa wata makiyayiya da ke neman shanunta ta hango motar. Da aka sauka gangaren, gawarsa aka tarar. A gefen taswirar an tarar ya riƙa rubuta sunan kowace rana da ta waye masa. Laraba ce ta ƙarshe. A ƙarƙashinta ya rubuta cewa a gaya wa Noreen laifinsa ne.

Bayan an binne shi, Hollis ya zo gidan da hularsa a hannu. Ya ce da bai ɗora hoton nan ba, da yanzu Vern yana zaune a kan tebur yana zaginsa. Noreen ta girgiza kai.

"Ni na tsaya a ƙofar nan na miƙa muku takardar, Hollis. Ni na ce ku yi sauri arewa." Sannan ta ƙara da cewa, "Na san yana yi wa kowa wasan nan. Ban san har da ni ba."

Jama'a, in kuna son wurinku, ku ɓoye shi ga duniya, ba wanda zai ga laifinku. Amma kada ku bar gida sai mutum ɗaya ya san gaskiyar inda za ku da ranar da za ku dawo, domin masu ceto inda aka tura su kawai suke zuwa.

Iyakar abin da zan iya ke nan. Zan ajiye shi a kan kantar laburare ba tare da sunana ba. Matar da ke gadin littattafai ta juya baya tana jera mujallu, bari in bi ta ƙofar gefe.