Shan Shayin da Ɗan Kwalisa Ya Raina

Ɗan Kwalisa yana tsaye a gaban allo. Ƙofar ajin tana can baya, tsakaninsa da ita mutum talatin da biyu, duk 'yan ƙungiyarsu ta ɗaliban gwaje-gwajen asibiti da ke shekarar ƙarshe. Rahoton taro suke jira.

Damuwarsu ɗaya ce. Ba mai kammalawa sai ya yi horon wata shida a ɗakin gwaji, su kuwa har yau ba inda ya karɓe su. Da gayyatar babban taron ɗalibai ta zo da kujera ɗaya tak, suka ce shi ya je, tunda Allah ya hore masa baki. Suka ba shi takardar sunayensu ya miƙa wa shugabannin ɗakunan gwaji da za su halarta.

To, me gogan naku ya yi? Ranar farko ya sa hannu a rajista, ya rataya kati a wuya, ya karɓi jakar taro, ya yi ta ɗaukar hoto sai ka ce ango. Kashegari ya duba jadawali, ya ga an rubuta "Shan shayi da baƙi". Ya taɓe baki, wai shayi ai akwai a gida. Ya roƙi wani ya sa masa hannu, ya shiga gari yawo abinsa.

Yanzu ga shi a gaban aji, shugabar ƙungiya ta ce, "Muna jin ka. Wa ka ba takardar?"

"Wato, gaskiya taro ya yi armashi. An yi jawabai masu..."

"Ba jawabi na tambaye ka ba."

Ya buɗe baki zai shirga ƙarya, sai wata ɗaliba ta miƙe daga baya. "Ƙawata ta wata makaranta ta je. Ta ce a wurin shan shayin nan aka raba guraben horo, kowane wakili ya miƙa sunayen mutanensa hannu da hannu. Sau uku aka kira ƙungiyarmu, shiru kake ji."

Shugaba ta jawo jakar taron ta zazzage a kan tebur: biro biyu, littafin da ko layi ɗaya ba a rubuta ba, sai takardar sunayen, a ninke yadda aka ba shi ita. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ana cikin hayaniya Anti ta tashi. Ita ce babbar ajin, uwar 'ya'ya uku, wurin aikinta ya ba ta izinin karatu, kuma bana yake ƙarewa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ƙanena, da ka ce ba za ka iya ba, wallahi da ni na je, ko da goyo a bayana."

Guraben kuwa sun cike sai baɗi. Sauran suka yi zaman jiran shekara, har da shi. Anti ba ta da shekarar da za ta jira, ta tattara littattafanta ta koma aiki ba takardar shaida.

Jama'a, wanda aka tura taro amanar mutane ya ɗauko. Ku zauna har a tashi, ku rubuta, ku gaisa da mutane, domin zaman da kuka raina yana iya zama dalilin tafiyar gaba ɗaya.