Hoton Sabon Reshe

Ranar da ta gano sabon telan da ita ta koya wa yanka ya fi ta albashi, ta je ta sami mai shago.

"Haba, ke da kike 'yar gida?" in ji shi, yana dariya. "Shi baƙo ne, sai da lallashi."

Ta koma kan kekenta.

Shekara ta zagayo, aka buɗe sabon reshe. Aka jeru a ƙofa: mai shago, matarsa, 'ya'yansa, sabon tela a gefe, kowa sanye da ɗinkinta. Ta gyara mayafi ta matso.

Mai shago ya miƙo mata wayarsa. "Yauwa, ɗauke mu. Ki tabbata kowa ya fito."

Ta ɗauka, ta duba. Kowa ya fito.