Maɓallin Ƙarƙashin Sitiyari

Sai da mai gyaran wayar mota ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari sannan ya gano abin da ya hana motar wani tsoho tashi kwana tara. Batir lafiya lau, kik mai tayar da inji lafiya lau. Ɓoyayyen maɓallin na'urar hana sata ne, mai yanke wa kik wuta, wani ya danne shi. A jikin maɓallin kuwa ga shatin yatsa na busasshen lalle.

Ya ɗago kai. Can bakin zaure ya hangi matar tsohon ta kafe shi da ido, hannunta ɗaya ɓoye cikin mayafi. Nan ya tuna yadda ɗazu, da suka zo gaisawa, tsohon ya miƙa wa iska hannu.

"Baba," ya ce, "na ga matsalar, sai dai..."

Tsohon ya sunkuyo ta taga, ya rage murya. "Ɗana, ido ne ya gaza, hanci na nan. Shekara arba'in da uku na san ƙanshin lallen nan. Tun ranar da na kusa afka wa garken shanu a hanyar Kusada hankalinta bai kwanta ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce in daina tuƙi ba."

"To, Baba, me ya sa ka taso ni tun daga Kankiya?"

"Don ka fito ka faɗa da ƙarfi, yadda za ta ji, cewa gyaran nan ya gagare ka."