Mai Gyaran Amare da Ƙurajen Haɓarta

Matso kusa, 'yar nan, ajiye madubin ki ji wani misali, don tun da kika zauna hannunki bai bar haɓarki ba.

An yi wata mai gyaran amare, gwana ta bugawa a jarida. In ta shige ɗaki da amarya kwana bakwai, da dilkarta da kurkum da turaren wuta, ranar fitowa uwar da ta haifi yarinyar ma sai ta sake dubawa. Ba ta da allon talla a ƙofar gida, fuskarta ce tallarta, duk gidan bikin da ta shiga sai an tambaye ta me take shafawa. To, tana da shekara talatin da biyu, ta ɗauka ita da ƙurajen 'yanmatanci an yi sallama tuntuni, kwatsam sai ga su. Manya, masu zurfi, masu zafi, sun jeru daga haɓa har ƙasan kunne, wannan na warkewa ya bar baƙin tabo, wancan na tasowa. Ita kuwa abin da hannunta ya sani shi ne murza. Ta murza da dilka, ta murza da sabulun salo, ta matsa lemun tsami, har man bilicin da take hana amarenta sai da ta saya a ɓoye. Fuska ta ƙara harzuƙa. Mu mata kin san halinmu, ba mai faɗa miki, sai a kalli haɓarki a ce za a sake kira. Amare suka fara sulalewa zuwa wajen wata a bayan layi, sana'ar shekara goma tana neman kuɓuce mata.

Da ta ga uwar bari ta nufi asibiti. Amma ji wautar gwana. Kafin ta fita sai da ta zauna ta tsige gashin nan masu kauri da suka fara fito mata a haɓa, ta bi da hoda. Likitar, mace ce ma kamarta, ta tambaye ta ko al'adarta na zuwa daidai. Ita da takan yi wata uku ba ta gani ba, in ta zo kuma ta rikita mata kwanakin salla, sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau. A ranta tana cewa, fuska na kawo, me ya kai mu ƙarƙashin zani? Aka ba ta man shafawa daidai abin da ta nuna. Wata biyu tana shafawa, sauƙin bai taka kara ya karya ba. Cikin watannin nan ne wata hajiya da ta yi wa gyaran 'ya'ya uku ta ɗauke ta huɗun ta kai bayan layi. Ranar ta yi kuka har da majina.

Sai rannan ta samu wata amarya mai kunyar tsiya, ta ƙanƙame zani ta hana a murza mata baya. Matar ta harzuƙa ta ce, “Haba ƙanwata, in kin ɓoye mini, me zan gyara?” Maganar na fita ta tsaya cak, dilka a hannu, don kunnenta ya ji abin da bakinta ya faɗa. Wallahi ranar da ƙyar ta jira gari ya waye. Ta koma asibiti ba hoda, gashin haɓa na nan a tsaye, ta zazzage komai, har ƙibar da ta taru mata a ƙugu. Likita ta ajiye biro ta ce, “Ai yau ne kika zo.” Aka gwada jini, aka yi hoton ciki, aka ga 'yan ƙullutai sun jeru a ma'ajiyar ƙwanta. Ashe sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada ne suka hargitse, su suka tsaida al'adar, su suka fito da gashin, su suke sa fata ambaliyar maiƙo. Ke ki ga murna wajen baiwar Allah nan. Ba sammu ba ne, ba ƙazanta ba ce, ciwo ne sananne da mata da yawa ke fama da shi, kuma ko da ba ya tafiya gaba ɗaya, ana iya riƙe shi. Aka tambaye ta ko tana neman haihuwa yanzu, sannan aka zaɓa mata maganin sha da ya dace da ita. Aka ce ta wanke fuska a hankali safe da yamma, ban da matsa, ta rage lemon kwalba da kayan zaƙi, ta riƙa tattaki a ƙasa kullum, kuma kada ta tuhumi madubi kafin wata uku.

Mai murza ta koyi barin murza, wannan ya fi komai yi mata wuya. A wata na huɗu, a wani gidan suna, wata ta taɓa ta a kafaɗa ta ce, “Don Allah me kike shafawa?” Ta yi dariya har da riƙe ciki. Wa za ta juya ta gani? Hajiyar nan ce, riƙe da hannun autarta da aka sa wa rana.

Saboda haka gobe in za ki asibiti, kada ki tsige komai, kada ki rufe komai, abin da aka tambaye ki ki faɗa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.