Kashe Jiniya

“Ba zan shiga ba,” in ji matarsa. “Jiniyarku za ta tayar min da yaro.”

Kwana tara ke nan da binne ɗansu, kwana tara tana goye da matashin kai, tana cewa shi ne, ba ci ba barci. Da ta fara leƙa rijiya yau, mijin ya kira motar asibiti. Yanzu kallo kawai yake yi, kamar a gidan wasu abin ke faruwa.

Ma’aikaciyar jinya ta leƙa goyon, ta gyara bakin zanen.

“Direba, kashe jiniya, babban mutum na barci. Taho, Yaya.”

Ta shiga.

Shi da ya tura ƙasar kabarin da hannunsa, sai ga shi yana rufe ƙofar motar a hankali, kada ta yi ƙara.