Kowa Ya Ce To

"Kowa ya amince!" in ji baƙuwar da aka turo ta daidaita ma'aikata bayan an haɗe kamfanoninmu biyu. "Na ce aiki har Asabar, duk kun ce to."

Ranar Asabar, daga ita sai maigadi.

Ranar Litinin ta tsare ni, tunda ni ne tafinta. Na ce, "Madam, to ɗin iri-iri ce. Akwai ta na yarda, akwai ta na ji, akwai ta Allah ya kiyaye hanya."

Tana cikin rubutawa sai biro ya tsaya.

"Na roƙi shugaba ya sabunta min kwantiragi, ya ce to. Wacce ce?"

Na shafa aljihuna, inda takardar sallamarta da shugaba ya ba ni take tun safe.

Na ce, "To."